Takardar Tambaya Da Manomin Karkarar Kano: Wa Ya Fahimci Wani?

A watan Agusta na shekarar 2023 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da sanarwar cewa marasa aikin yi a Nijeriya kashi 4.1 ne cikin ɗari a watanni uku na farkon wannan shekara. Alƙaluman da hukumar ta fitar a tsohon tsarinta, na ƙarshen shekarar 2020, kashi 33.3 ne. Mai karatu ya sani ba a buɗe masaƙun Bompai da Sharaɗa da suka durƙushe ba a tsakanin waɗannan shekaru, kuma ba a ɗauki matasan Fagge aiki ba. Abin da ya sauya shi ne tambayar da ake yi da kuma ma'anar da aka ba kalmar aiki. A da, wanda bai samu aikin awa 20 a mako ba ana lissafa shi cikin marasa aiki. A sabon tsari kuwa, wanda ya yi aikin awa ɗaya tak domin samun kuɗi a cikin kwanaki bakwai da suka wuce ya zama ma'aikaci. Hukumar ta ce ta bi ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ne, kuma ba ta ɓoye hakan ba. Ni dai darasin da na ɗauka shi ne, idan sauya ma'anar kalma ɗaya cikin Turanci zai iya kawar da miliyoyin marasa aiki daga takarda, to me ake tsammani zai faru idan aka ɗauki tambayoyi ɗari biyu da aka tsara da Turanci, aka miƙa wa wani saurayi ya je Makoɗa ko Kunci ya riƙa juya su zuwa Hausa a tsaye, yana zufa, yana sauri ya cika adadin gidajen da aka yanka masa kafin la'asar?

Karkarar da ta kewaye birnin Kano, daga Ungogo da Minjibir da Gezawa zuwa Dawakin Tofa da Bichi da Dambatta, tana cikin wuraren da masu bincike suka fi yi wa tambaya a duk Afirka ta Yamma, kuma da dalili. Ƙasa ce da jama'a suka yi yawa, gona na manne da gona, ba a barin saura, ana nome fili ɗaya kowace damina tun kaka da kakanni, amma bai mutu ba. Wannan abin mamaki ne ya jawo Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello sannan a Jami'ar Bayero, ya fitar da bincikensa na farko kan yankin tare da abokin aikinsa Wilson a 1965, ya kuma ci gaba da komawa ƙauyuka irin su Tumbau har cikin shekarun 1990. Shi ne kuma ya kawo Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina a 1967, daga baya ta yi aiki a Ɗorayi a farkon shekarun 1970, tun tana ƙauye, kafin birni ya haɗiye ta. Waɗannan mutane sun daɗe a wurin, sun auna gonaki da ƙafarsu, sun koma sau da yawa. Hasali ma Polly Hill, wadda 'yar 'yar'uwar shahararren masanin tattalin arzikin nan Keynes ce, ta rubuta littafi guda a 1986 tana tuhumar masana tattalin arziki da gina gidaje a kan alƙaluman karkara da ba su da tushe. Kusan duk abin da ta koka a kai yana nan, sai dai yanzu an ɗauke shi daga takarda an sa a cikin na'urar hannu.

Mu fara da tambayar farko a kowane fom, wato ta mutanen gida. Turanci yana da kalma ɗaya da masu ƙididdiga suka ba ma'ana ta musamman: mutanen da ke kwana wuri ɗaya suna ci daga tukunya ɗaya a ƙarƙashin shugaba ɗaya. Hausa ba ta da kalma ɗaya da ta yi daidai da wannan. Idan malamin tambaya ya ce "mutum nawa ne a gidan nan?", zai iya samun adadin duk wanda ke shiga ta zaure ɗaya, kuma a ƙasar Kano akwai gidajen da magidanta goma ko fiye suke zaune a sassa dabam-dabam, kowa da tukunyarsa, Polly Hill ta rubuta maƙala sukutum a kan irin waɗannan manyan gidaje. Idan ya ce "iyalinka nawa?", dattijo zai iya fahimtar matan aurensa ake nufi, domin da iyali ake sakaya sunan mace. Idan kuma ya ce "su wa kuke gandu tare?", ya samu masu noma tare, waɗanda ba dole ne su zama masu ci tare ba. Ga ɗan da ya tafi ci-rani Legas zai dawo da saukar ruwan farko, ga yaron da aka kai makarantar allo a wani gari, ga almajirin da ke cin tuwon gidan kullum amma yana kwana a tsangaya, ga 'yar riƙo. Kowane malamin tambaya zai yanke hukunci da kansa, kuma hukuncin Musa ba zai zama na Isa ba.

Kada a ɗauka wannan gardamar malaman harshe ce kawai. Wasu masu bincike biyu, Lori Beaman da Andrew Dillon, sun gwada abin a ƙauyukan Mali, suka buga sakamakon a 2012: sun raba ma'anoni huɗu na kalmar gida a tsakanin masu amsa, sai ga shi yawan mutanen gida da irin waɗanda aka lissafa sun sauya bisa ga ma'anar da aka karanta, haka ma abin da aka rubuta na dukiya da abinci. Da wannan adadi ake raba abincin gida a gano ko talaka ne ko mai hali. Lokacin da Gwamnatin Tarayya ta yi shela a watan Oktoba na 2023 cewa za ta ba gidaje miliyan 15 naira 25,000 kowane wata har wata uku, kalmar gida ta zama kuɗi. Gidan da aka rubuta shi ɗaya alhali tukwane shida ne a ciki ya samu kaso ɗaya. Maƙwabcinsa da aka rarraba ya samu shida.

Sai maganar gona. Fom yakan tambaya ko gonar ta mai amsa ce, ya ba da akwati biyu, e ko a'a. Manomin Gabasawa kuwa yana iya nome gonar gado da ba a raba ba tukuna, da wadda ya karɓa jingina, da wadda aka ba shi aro, da ta haya, ga kuma gayaunar da ɗansa ke nomawa da yamma bayan an tashi daga gandu, ga ɗan fegin da matarsa ta gada a garinsu wanda ƙanenta ke nome mata. Wacce ce tasa? Sannan a ce masa hekta nawa ce. Mutumin da ya san iyakar gonarsa da gamba da bishiyar ɗorawa, ya san yawan irin da take ci da yawan kwanakin da take ɗauka a nome, an tilasta masa ya faɗi lambar da bai taɓa aunawa ba, shi kuma don kada ya ba baƙo kunya sai ya ce biyu. Binciken da Bankin Duniya ya yi a ƙasashen Afirka da dama, inda aka kwatanta faɗin manomi da awon na'urar tauraron ɗan'adam, ya nuna masu ƙananan gonaki sukan ƙara, masu manya sukan rage. A yankin da galibin gonaki ƙanana ne, ƙara faɗin gona a takarda yana nufin rage amfanin da kowace hekta ta bayar, sai a zauna a ofis a ce manomin Kano ba ya samun abin kirki.

Abin takaicin shi ne manomin yana da lissafi mai kyau, ba a tambaye shi da harshen lissafinsa ba ne. Tambaye shi kilo nawa na gero ya samu, zai dube ka. Tambaye shi dami nawa ya ɗaure, zai gaya maka ba tare da jinkiri ba, har da na bara da na bara waccan, domin da dami yake fitar da zakka, ɗaya cikin goma, kuma ba ya wasa da haƙƙin Allah. Aikin mai bincike ne ya je ya auna damin wannan gari ya ga tiya nawa yake bayarwa idan an sussuke, domin damin wani gari ba na wani ba ne, kamar yadda mudun Zariya ba tiyar Dawanau ba ce. Haka kuma akwatin da aka rubuta wa sunan hatsi ɗaya da Turanci ya haɗa gero da maiwa, alhali ɗaya yana nuna da wuri ya fitar da gida daga yunwar tsakiyar damina, ɗaya kuma sai can baya. Gona ɗaya tana ɗauke da gero da dawa da wake da gyaɗa, wani lokaci har da riɗi da yakuwa a gefe. David Norman ya nuna tun binciken da ya fara a ƙauyukan Zariya a 1966 cewa wannan gauraye dabara ce mai riba, amma har yau ana buga fom mai layi ɗaya ga kowace gona.

Kalmar noma kanta tarko ce. A bakin ɗan boko tana nufin sana'ar gaba ɗaya. A bakin manomi, idan ya ce ya gama noma, cire ciyawa na farko yake nufi, saura maimai, kuma shuka da huɗa da girbi kowanne da sunansa. Don haka "kwana nawa ka yi kana noma bana?" tana da amsa biyu, ɗaya kwana goma, ɗaya wata biyar, kuma dukansu gaskiya ne. Taki ma haka. Wanda ya tsara tambayar buhun takin zamani yake nufi, amma ƙasar Kano da takin gida ta rayu: kashin awaki da tumaki da aka ɗaure duk damina, da toka, da sharar birni da jakuna suka yi shekaru aru-aru suna kaiwa karkara a mangala bayan sun sauke itace a kasuwa. Manomin da ya ce "na sa taki" da wanda ya ce "ban samu taki ba bana" mai yiwuwa abu ɗaya suka zuba a gonakinsu.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne cikin gida. A tambayi matar aure a Tsanyawa "kina aiki?", za ta ce a'a, domin aiki a kunnenta na albashi ne, na malamar asibiti ko ta makaranta. A ce mata "wace sana'a kike yi?", sai a ji ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da daddawa da fura da ɗinkin hula da saƙar faifai, ga awaki huɗu a bayan ɗaki, ga adashi duk ranar kasuwa. Polly Hill ta kira wannan ɓoyayyen ciniki tun 1969, Enid Schildkrout kuma ta bi yara masu talla a birnin Kano a shekarun 1970 ta nuna yadda kasuwar matan kulle ke tafiya a kan ƙafafunsu. Sau da yawa ma ba a kai ga matar ba. Malamin tambaya namiji ne, ya tsaya a zaure, maigida ya amsa a madadin kowa, kuma maigida bai san jarin matarsa ba, ba ya kuma tambaya. Idan aka ce masa "dabbobi nawa gare ka?", zai faɗi nasa, sa ɗaya ko jaki, ya bar garken da ke cikin gida domin ba nasa ba ne. Gaskiya ya faɗa, takarda ce ta yi ƙarya.

Kunya ma tana da nata nahawun, kuma fom bai san shi ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, wata ma takan tsallake shi idan ana lissafi, balle idan kaka ce ta ɗauke shi tun yaye. Mace ba ta faɗin sunan mijinta. Mutane da yawa ba sa son ƙidaya 'ya'yansu a gaban baƙo, kuma jaririn da ya koma kafin suna ba kowace uwa ce za ta ambace shi ba sai an bi ta a hankali. Da irin wannan tarihin haihuwa ake lissafa mutuwar ƙananan yara, da shi kuma ake yanke inda za a kai ungozoma da magani. Idan aka ce wa mace "'ya'ya nawa kike so ki haifa?" ta ce "yadda Allah ya bayar", ba kauce wa tambaya ta yi ba, amsarta ke nan, malamin da aka hana na'urarsa wucewa sai an sa lamba zai matsa mata har ta faɗi wata, ko ya sa da kansa. Shekarun haihuwa kuwa kowa ya san yadda suke taruwa a kan 30 da 40 da 50. Maganinsa sananne ne, wato a jera abubuwan da suka faru a yankin, a ce kafin farin 1973 ko bayansa, zamanin Audu Bako ko zamanin Rimi, amma wannan yana buƙatar wanda ya zauna da dattawan garin kafin a buga fom.

Akwai kuma ma'aunin nan mai hawa biyar da Rensis Likert ya fito da shi a Amurka a 1932, daga amincewa ƙwarai zuwa ƙi ƙwarai, wanda ɗalibanmu suka mayar kamar farilla a kowane kundin digiri. Bahaushe yana da hawa-hawansa, amma ba a jere suke haka ba. "Ba laifi" tana iya zama yabo babba. "Sai godiya" tana iya fitowa daga bakin wanda bai ɗora tukunya ba tun jiya. Wanda ke kan gargara ana cewa jikinsa da sauƙi. Baƙon da ya zo da mota, mai unguwa na zaune kusa da shi, ya karanta jimla ya ce "ka yarda?", tarbiyya ta hana a ce masa a'a ƙiri-ƙiri. Kowace jimla aka karanta za a ce haka ne, har da wadda ta saɓa wa ta gabanta.

Wata ƙungiya da ba zan ambaci sunanta ba ta taɓa kawo mini fassarar tambayoyinta in duba, saura kwana biyu a fita fili. An buga ta a na'urar da ba ta da haruffa masu lanƙwasa. Tambaya ta bakwai tana cewa "baki nawa kake ciyarwa?" Wasu malaman za su karanta ta bakin da ke cin abinci, wasu kuma baƙin da suka sauka. A wani shafin an rubuta "matsalar fari", babu mai iya cewa ta rashin ruwa ce ko ta farko, domin rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, jimla ce ke warwarewa, kuma jimlar fom guntuwa ce. Da na tambayi wanda ya yi fassarar, sai aka ce direban ofis ne ya taimaka, tun da Bahaushe ne. Wannan ƙungiya ta biya kamfanin shirya tafiye-tafiye kuɗin jirgin jami'anta zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano, da masauki, da hayar motoci masu sanyi, amma a kasafinta babu layin fassara ko kaɗan.

Wannan ya kawo ni ga yadda ake zuwa. Ba ni da ja da masu shirya tafiya, aikinsu suke yi, kuma suna sauƙaƙa wa baƙo wahala. Sai dai idan aka sayi tikitin zuwa da komawa na kwana huɗu kafin a san ƙauyukan da za a je, to jadawalin jirgi ne ya zaɓi ƙauyukan. Za a bi hanyar Katsina a tsaya kusa da Bichi, ko hanyar Daura a tsaya kusa da Dambatta, inda mota za ta kai ta dawo masauki kafin magariba. Za a zo da rani domin hanya ta bushe, lokacin da rumbu bai ƙare ba kuma samari sun tafi ci-rani, ba a watan Agusta ba da hatsi ya yi tsada, zazzaɓi ya kwantar da yara. Robert Chambers ya yi wa wannan laƙabi da yawon buɗe ido na raya karkara tun 1983, ya lissafa son kwalta da son rani da son ganin manya da maza a cikin cututtukansa.

Shi ma mai amsa yana da tarihinsa da baƙo mai alƙalami. A farkon mulkin Turawa malaman taki sun bi gonakin ƙasar Kano suna aunawa da taku domin yanka haraji. An ƙirga kawunan maza domin haraji, an ƙirga shanu domin jangali, har sai da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su a 1979. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar tabo, kuma yana cikin abin da mutane suka riƙa ambata sa'ad da aka dakatar da rigakafin shan-inna a jihar daga 2003 zuwa 2004. Yanzu kuma an shiga zamanin tallafi, inda rubuta suna ke nufin wataƙila wani abu zai zo. Saboda haka kafin manomi ya amsa sai ya auna: wannan mai karɓa ne ko mai bayarwa? Idan mai karɓa ne, akuya biyu gare shi. Idan mai bayarwa ne, ba shi da ko kaza. Sakin layin neman izini da ake karantawa da gudu a farkon hira shi ne wurin da ya kamata a kashe wannan zato, a faɗa da Hausa mai sauƙi cewa babu haraji, babu rabo, kuma yana da ikon ya ƙi.

Abin da nake kira a yi ba sabo ba ne, kuma manyan binciken ƙasa irin na lafiya da yawan jama'a sun daɗe suna buga tambayoyinsu da Hausa da Yarabanci da Ibo. Matsalar tana wajen ɗaruruwan ƙananan bincike na ƙungiyoyi da ma'aikatu da ɗaliban digiri. A fara tsara tambayar da Hausa, daga bakin mutanen da za a tambaya, sannan a mayar da ita Turanci domin mai ba da kuɗi. Idan dole daga Turanci za a taso, wani ya fassara, wani dabam da bai ga asalin ba ya mayar, a kwatanta. Ko wannan bai isa ba, domin 'yan boko biyu suna iya yin kuskure iri ɗaya su gaskata juna; sai an zauna da manoma goma da matan aure goma a garin da ba ya cikin samfur, a karanta musu tambaya, a ce "me kika ji na tambaye ki?" Mako ɗaya na wannan ya fi arha a kan tikitin jami'i ɗaya daga Turai. Mata su tambayi mata. A bar gurbin dami da tiya da mangala a cikin na'ura. Muna da sassan Hausa a Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina, muna da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, kuma ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da kalmomin gona da awo. Ban ga dalilin da zai sa a riƙa neman direba ba.

Buƙatata ta ƙarshe ga hukumomi da kwamitocin jami'a masu amincewa da bincike ita ce, duk rahoton da aka gina a kan hira da Hausawa a tilasta masa ya buga tambayoyin da ainihin Hausar da aka yi su, a bayan rahoton, kalma da kalma. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum miliyan 9.4, an yi ta gardama a kan adadin daga Legas har Abuja, an kuma ɗage wadda aka shirya yi a watan Mayu na 2023. A duk wannan gardama ban ji wanda ya tashi ya nemi a nuna masa jimlar da malamin ƙidaya ya furta a ƙofar wani gida a Kunci ba, ko "mutanen gidan nan" ya ce, ko "iyalinka".